Jakar Nata'ala

Shafi na 9

Masu ƙwanƙwasa mini inbox tun da asuba, na gan ku. Wadda ta ce in na sake barin Yelwa a bakin ƙofar park za ta yi blocking ɗina, to yau na shigar da ita ciki. Sababbin zuwa kuma ku matso, ba ku makara ba.

*

Wata huɗu ke nan Nata'ala yana fita duk Asabar bayan sallar asuba da wata baƙar jaka a goye. Ya ce wa matarsa Yelwa motsa jiki suke yi, tafiyar ƙafa da jaka mai nauyi a baya, wai ana ce mata rucking. Ya ce a nan park ɗin bayan gidansu ne a Dagenham.

Da farko ta yi murna, don mutum ne da ko shagon kan layi sai da mota yake zuwa.

Sai ya daina cin tuwon dare. Wanduna suka fara zame masa. Ya riƙa riga kowa sauka ɗauko wasiƙu, wayarsa kuma kullum a kife. Ranar Laraba ta ga saƙon ƙungiyar tasu a laptop ɗinsa, ta ga ashe ba a Dagenham suke haɗuwa ba, a Burgess Park ne, can wajen Camberwell. Ta ga kuma Asabar ɗin nan ta sababbin shiga ce. Ba ta ce masa komai ba, ta yi booking da sunan Muhibbat.

Shi ya sa yanzu take tsaye cikin mutane kusan arba'in, da takunkumi a fuska, da hular sanyi a kan hijabi, da jakar makarantar 'yarsu Ameera a bayanta. Ana ɗan yayyafi.

Shugaban ƙungiyar, wani tsohon soja ɗan Ghana mai suna Sumani, yana bin sababbi ɗaya bayan ɗaya da ɗan sikelin hannu. Ya rataya jakarta ya duba.

"Madam, me ka sa a ciki?"

Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk "ka" ne.

"Shinkafa," ta ce a hankali.

"Kilo biyar daidai. Ya yi. In ka gaji a hanya sai mu dafa."

Na kusa suka yi dariya. Ita idonta yana can gaba.

Ga Nata'ala can. Hular ruwan toka, jaka ɗaure tamau a ƙirji. Wani tsohon Bature yana dafa kafaɗarsa, shi kuma yana dariya har da sunkuyawa, irin dariyar da rabonta da ji a gida tun kafin azumi. Duk wanda ya wuce sai ya miƙa masa hannu.

Ta bi matan wurin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ya kalla sau biyu. Maimakon hankalinta ya kwanta, sai ya ƙara tashi. In ba wannan ba ne, to mene ne?

Sumani ya tafa hannu.

"Nan ba tsere ba ne. Kilomita biyar za mu yi, mu tsaya shan ruwa a bakin tafki, mu gama a ƙofar Camberwell. Ba a barin kowa a baya. Katumi yana ƙarshe, wanda ya gaji ya gaya masa."

Katumin ashe mace ce, ita ma 'yar zango, gajeriya mai jiki, da rigar ruwa mai launin lemo. Ita ke rako na baya. Yelwa ta yi ta rage sauri har suka jera.

Ba a yi minti goma ba igiyar jakar ta fara cin kafaɗarta.

"Tsaya," in ji Katumi. Ta ja igiyoyin, ta ɗaga jakar sama. "Kada ka bari ya sauka kan ƙugu. Yau ka fara?"

"Yau ne."

"Daga ina?"

"Barking," Yelwa ta yi ƙarya.

"Ka yi nisa. Ni nan Peckham nake, care home nake aiki. Bayana ne ya kawo ni, ɗaga tsofaffi."

Yelwa ta bari suka yi 'yar tafiya, sannan ta ce kamar ba ta damu ba, "Wancan na gaba mai hular toka, kamar ɗan Najeriya ne."

"Malam Nata'ala? Ɗan Kano. Ka san shi?"

"A'a."

"Mutumin kirki. Ranar da ya fara zuwa ni na riƙe shi a bencin can yana amai. Kilo uku kawai ya ɗauka. Yanzu ashirin yake goyawa, ruwa ko sanyi bai taɓa fashi ba."

"Me ya yi zafi haka?"

"Aikin mana. Saura sati biyu."

"Wane aiki?"

"Operation."

Yelwa ta yi tuntuɓe a inda babu dutse. Katumi ta riƙo gwiwar hannunta.

"Sannu. Mu tsaya?"

"A'a, mu je. Ba shi da lafiya ne?"

"Shi lafiyarsa lau. Ƙoda zai ba ɗan'uwansa. Likita ya ce sai ya rage kilo goma sha biyar kafin su taɓa shi. Ya rage sha shida. Satin da ya wuce har tafi muka yi masa."

Yelwa ta yi lissafi. Ƙannen Nata'ala uku ne, duk suna Kano. Shekaranjiya ma ta yi waya da autarsu. Babu mai ko ciwon kai.

"Yana da iyali?" ta tambaya.

"Mata ɗaya da yarinya. Matar ma ya yi ƙoƙari wallahi. Ba kowane mace zai yarda a yanka mijinsa saboda wani ba."

"Shi ya ce ta yarda?"

"Ya ce kullum yana masa addu'a."

Yelwa ba ta san lokacin da ta ƙara sauri ba.

"Muhibbat, yi a hankali," Katumi ta kira daga baya. Ba ta waiga ba, ta ma manta sunanta ne yau.

Ta wuce wata mai ciki, ta wuce wasu 'yan Jamaica biyu masu hira, ta wuce tsohon Baturen. Buhun shinkafar yana dukan bayanta, numfashinta yana jiƙa takunkumin. Ko da ta isa bakin tafki na gaba sun riga sun tsaya, kowa ya fito da gorarsa.

Nata'ala yana gefe, ya ɗaga kai yana shan ruwa.

Ta tsaya a gabansa. Ta zare takunkumin.

Ruwan ya sarƙe shi. Ya yi tari har idonsa ya kawo ƙwalla.

"Yelwa."

"Nan ne Dagenham, Abban Ameera?"

Ya waiga dama da hagu. Ya kama hannun rigarta ya ja ta gindin wata bishiya. Sumani ya dube su sau ɗaya, ya busa usur, sauran suka ci gaba. Katumi kaɗai ta tsaya daga nesa tana duba waya.

"Ina Ameera?" ya ce.

"Tana barci. Kada ka kauce."

"Mu je gida, zan yi miki bayani."

"Wata huɗu kana da gidan."

Ta matso kusa da shi.

"Wa za ka ba ƙodarka?"

Ya dubi inda Katumi take, ya sauke numfashi.

"Ba laifinta ba ne," Yelwa ta ce. "Ba ta san ni ce matar da ke maka addu'a kullum ba."

"Na yi niyyar gaya miki."

"Yaushe?"

"Ina neman lokacin da ya dace."

"Asibitin ba su tambaye ka iyalinka ba?"

"Sun tambaya."

"Ka ce me?"

"Na ce kin sani."

"Ranar aikin fa? Me ka shirya za ka ce mini?"

Ya sunkuyar da kai. "Training. A Leeds. Kwana biyar."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"In ba ka farka ba, wa zai kira ni? Sumani? Da wane baki zan gaya wa Ameera cewa mutum arba'in a park sun san za a yanka ubanta, ni da nake kwana da shi ban sani ba?"

"Ki rage murya, don Allah."

"Ban ɗaga ba tukuna. Waye?"

"Yelwa…"

"Ba ka da ɗan'uwa a ƙasar nan. Waye?"

Ya daɗe yana kallon agwagin da ke kan ruwa. Sannan ya ce, "Abdul-Jalil ne."

Ta dafa bishiyar.

Shekara tara ke nan rabonta da yin magana da mai wannan sunan. Abdul-Jalil yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A shekarar da mahaifiyarsu ta zo London ganin likita, Yelwa ta tafi Kano bikin 'yar ƙanen babansu. Tana can aka kira ta, Umma ta faɗi, tana asibiti, na'ura ce ke mata numfashi. Ta roƙi Abdul-Jalil a waya tana kuka, ta ce ko me likitoci za su ce a jira ta, jirginta zai sauka da safe, ta ga Umma da sauran ɗumi a jikinta. Ya ce za a jira.

Da ta sauka Heathrow, Nata'ala ne ya tarye ta. A mota ya gaya mata an cire na'urar awa huɗu da suka wuce. A bakin asibiti ta tambayi yayanta wa ya ce a cire. Ya dube ta ya ce, "Ni ne."

Daga ranar ba ta sake ce masa uffan ba.

"Shekara biyu yana wankin ƙoda," in ji Nata'ala. "Sau uku a sati, a asibitin nan na Camberwell. Jikinsa ya fara gazawa. An gwada ni, an ce ta yi daidai."

"Ta yaya ka san ba shi da lafiya?"

"Muna magana."

"Tun yaushe?"

"Ban taɓa dainawa ba."

Ta dube shi sosai. Ruwan yayyafi yana ɗiga daga bakin hularsa. Ya rame har ƙashin kumatunsa ya fito, kamar wani mutum daban aka sa wa muryar mijinta.

"Tsaya," ta ce. "Bari in tuna. Da Kawu ya zo daga Kano don ya sasanta mu, wa ya ce a ba ni lokaci?"

Ta ci gaba.

"Da Yaya Jalil ya aiko wa Ameera kayan sallah, na ce ko in kira shi in yi godiya, wa ya ce kada in tilasta wa zuciyata? Wa ya goge lambarsa daga wayata, wai don kada in riƙa gani ina kuka?"

"Don kwanciyar hankalinki na yi."

"Kai kana waya da shi, ni kana tsare ni daga gare shi."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ni ce jininsa. In ƙoda ake nema, ni ya kamata a fara tambaya. Me ya sa ba a tambaye ni ba?"

"Shi ya hana."

"Kai kuma me ya yi maka da za ka ba shi wani sashe na jikinka a ɓoye?"

"Musulmi ne, surukina ne. Sai ya yi mini wani abu?"

"Da don Allah ne kawai, da ba ka ƙirƙiro Leeds ba."

Ya cire hular ya matse ta a hannu, ya mayar.

"Kawo jakar in riƙe miki. Mu fita ta ƙofar nan, akwai bas."

"Ba ta nan ake gamawa ba."

"Kin gaji. Ƙafarki ma rawa take."

"An ce a ƙofar Camberwell ake gamawa."

"Ba dole ba ne sai kin ƙarasa, ranar farko ce."

Ya sha gabanta, kamar ba da gangan ba. Ta matsa hagu, ya matsa. Sai ta lura idonsa ba a kanta yake ba, can ƙarshen hanyar yake leƙe inda sauran suka nufa.

"Me ke can?" ta ce.

"Babu komai."

Ta ɗaga murya. "Katumi, me ake yi a wurin gamawa?"

Katumi ta matso, tana kallon wannan tana kallon wancan. Ta riga ta gane ta yi ɓaranɓarama.

"Shayi kawai," ta ce. "Ɗan'uwan nasa ne yake kawo mana shayi da dabino duk Asabar, in jikinsa ya yarda."

Yelwa ta gyara igiyar jakarta, ta ratsa ta gefen mijinta ta wuce.

Saura kilomita biyu. Tana jin takunsa a bayanta, ga na Katumi can baya. Kafaɗunta sun mutu, diddigenta ya saɓule a cikin takalmin Ameera, amma ba ta tsaya ba. Tana tafe tana shirya abin da za ta faɗa. Sau uku ta shirya, sau uku ya watse.

A bakin ƙofar mutane sun sauke jakunkuna a kan ciyawa, ana miƙa kofunan takarda. Sumani yana tafa wa duk sabon da ya iso. Ya fara tafa mata, ya ga fuskarta, ya sauke hannu.

Ba ta gane shi nan take ba. Wani dattijo ta gani a kan benci, cikin babbar rigar sanyi, da flas biyu a gefensa. Gashinsa ya yi fari. Wuyansa ya zama siriri. Sai da ya karkatar da kai yana zuba shayi, yadda Umma take yi, sannan ta gane yayanta ne.

Shekararsa arba'in da takwas kawai.

Ya ɗago don ya miƙa kofi, ya gan ta. Kofin ya tsaya a iska. Ya dubi Nata'ala da ke tsaye a bayanta, ya sake dubanta, ya ga sun zo tare, kowa da jakarsa.

Ya ajiye kofin a hankali.

"Yelwa," ya ce. "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi."

Duk abin da ta shirya ya gudu. Abin da ya fito shi ne, "Yaya, haka ka koma?"

"Jiki ne. Zauna, ki sauke kayan nan."

Ba ta zauna ba.

Ya goge idonsa da bayan hannu, ya ce wa Nata'ala, "Ka gani ko? Shekara nawa ina gaya maka. Ga shi ka faɗa mata, kuma ba ta bar ka ba. Har ta rako ka."

"Yaya Jalil," Nata'ala ya ce da sauri, "bari mu…"

"A'a, bar ni in yi godiya. Wallahi Yelwa na ce masa ba zan shiga ɗakin aikin nan ba sai ya gaya miki gaskiya. Na ce ba zan karɓi ƙodarsa a madadin yin shiru ba. Shekara tara ina ɗauke da laifin, ban yi nadama ba, aurenki na duba da 'yarki. Amma ba na so in mutu kina…"

Ya tsaya. Sai yanzu ya kalli fuskarta da kyau.

"Gaskiyar me?" in ji Yelwa.

Abdul-Jalil ya dubi Nata'ala. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Me ya gaya miki?"

"Ya ce zai ba ka ƙoda. Shi ma yanzun nan, a bakin tafki, don na kama shi ne."

"Shi ke nan?"

"Akwai saura?"

Ya ɗauki murfin flas yana ƙoƙarin rufewa. Katumi ta ja mutanen da ke kusa suka matsa can gefe.

Yelwa ta durƙusa a gabansa da jakar a bayanta, har gwiwarta ta nutse a jiƙaƙƙiyar ciyawa.

"Yaya, dube ni. Ranar da aka cire wa Umma na'ura, kana ɗakin?"

Ya kawar da kai.

"Don girman Allah."

"Kwana uku ban bar asibitin ba," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na je gida in yi wanka in canza kaya. Awa biyu kawai. Na ce musu ƙanwata tana hanya, a jira ta."

"To da likitocin suka zo, wa suka samu?"

"Yelwa, abin ya wuce."

"Wa ka bari a wajenta?"

A bayanta ta ji an kwance maɗaurin jaka, kilo ashirin ya faɗi ƙasa tim.

"Maman Ameera," in ji Nata'ala, "ba shi za ki tambaya ba."